Turawa Ba Sa Tafiya a Fili

Shekara uku Lukuman ya yi a Kaduna yana aikin akawu a wata masaƙa. In ka tambaye shi abin da ya fi kewa a zaman nan, ba zai ce maka albashi ba, ba zai ce fitilun kan titi ba. Yammacin Lahadi zai ce.

A kulob ɗin ma'aikata akwai akwatin talabijin guda ɗaya bisa kabad, wanda ake lulluɓewa da zane duk mako don kada ƙura ta shiga. Ran Lahadi da yamma sai a yaye. Ɗakin ya cika maƙil, wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu sun rataya a taga, fanka tana ta juya zafi daga wannan kai zuwa wancan. Hoto ya yi rawa, ya yi rawa, sai ya tsaya. Ga filin Ingila nan, fari da baƙi, ciyawa shimfiɗe kamar darduma, ga dubban mutane suna waƙa da murya ɗaya suna ɗaga gyale sama. Daga busa usur na farko har na ƙarshe Lukuman ba ya sanin inda yake. Ƙwallo daga wannan raga sai waccan, daga waccan sai wannan, babu tsayawa, babu jan ƙafa. Kafin ka haɗiye yawu an ci, kafin ka gama ihu an rama.

Rashin lafiyar mahaifinsa ce ta dawo da shi Kontagora a 1974. Ya karɓi aikin koyarwa a firamare, ya zauna. A garin kuwa hoton Kaduna ba ya isowa. Wani attajiri ya taɓa ɗaura eriya a kan doguwar gora, aka taru aka zuba ido, ba a ga komai ba sai farin yashi yana shuu a cikin akwatin. Lahadi ta zama wa Lukuman rana mai tsawo. Da la'asar ta yi sai ya rasa inda zai sa kansa, kamar wanda ya ji ƙamshin girki a gidan da ba a gayyace shi ba.

Sai ya zama shi ne talabijin ɗin garin. A shagon Baba Maikano tela, bakin hanyar tasha, yake zama, samari su kewaye shi, ya yi ta ba su labarin wasannin da ya gani. Ya tashi tsaye ya gwada yadda ake tarar ƙwallo da ƙirji, ya gwada yadda gola yake tashi sama kamar an cilla shi. Baba Maikano ya riƙa tsayar da keken ɗinki yana cewa, "Ikon Allah! Sake faɗa, Malam, ban ji da kyau ba."

Akwai wata ɗabi'a mai ban takaici a garin nan. Duk wanda ya je wani wuri ya gano wani abu, an gama magana. Ba mai tambayarsa yaya ya gani, daga ina ya gani, me aka nuna masa, me aka ɓoye. Kai kawai ake gyaɗawa, don gyaɗa kai ya fi tunani sauƙi. Lukuman da kansa yakan yi faɗa a kan wannan ɗabi'a a cikin aji. A shagon Baba Maikano kuwa daɗinta yake ji.

Ƙungiyar ƙwallon garin ana ce mata Mikiya. Magina ne da 'yan dako da manoma da wani ɗan sanda guda. Kyaftin ɗinsu Bitrus, mai gyaran keke, wanda suka zauna benci ɗaya da Lukuman tun elementare, suka sha bulala tare, suka saci mangwaro tare. Bitrus yana tsaron baya tun yana saurayi. Yanzu ya haura talatin, gwiwarsa ta hagu takan kumbura bayan kowane wasa, kuma abu ɗaya ya rage masa a rai: ya buga ƙwallo a Sakkwato, babban birnin jiha, ko sau ɗaya. Duk shekara ana fitar da su kafin a kai nan. A bana kuwa wasa ɗaya ya rage, da 'yan Zuru. Wanda ya ci shi zai hau mota zuwa Sakkwato. Matarsa Margaret ta riga ta yanke hukunci, kuma ya amince: daga bana ya ajiye takalmi, ko an ci ko ba a ci ba, don ba za ta yi jinyar gurgu tana da ƙuruciyarta ba.

Yadda Mikiya take wasa shi ne yake ƙona wa Lukuman rai. Bitrus ya karɓi ƙwallo, ya taka ta, ya duba gabas ya duba yamma kamar mai jiran kira. Ya tura wa na kusa da shi, wannan ya dawo masa da ita, ya mayar wa gola. In sun ji numfashi ya ƙare, sai wani ya narka ta can cikin itatuwan mangwaro, a tsaya a riƙe ƙugu har a ɗauko. Sai can ba zato su zabura su kai hari, sannan su koma tafiyarsu ta masu dawowa daga gona.

Wata yamma Lukuman ya kasa daurewa. Daga bakin fili ya ɗaga murya.

"Wannan ƙwallo ce ko rakiyar gawa? Haka za ku je Sakkwato, a taru a yi mana dariya?"

Dogo, ɗan dakon da ke buga musu gaba, ya ce, "Malam, shigo mana ka nuna mana, tunda ƙafarka ma ta je Ingila."

Aka yi dariya. Bitrus bai yi ba. Ya tako har bakin fili yana share gumi da gefen riga.

"Luku, kai ka gani, mu ba mu gani ba. Su yaya suke yi?"

"Ba sa tafiya, Bitrus. Shekara uku ina kallo, ban taɓa ganin Bature yana tafiya a fili ba. Ban taɓa ganin an mayar da ƙwallo baya don lalaci ba. Gudu ne daga fari har ƙarshe."

"Su ba sa gajiya ne?"

"Da idona na gani."

Bitrus ya waiga ya dubi mutanensa. Sai ya ciro usur ɗin da ke rataye a wuyansa, wanda ya yi shekaru yana hura wa ƙungiyar, ya rataya wa Lukuman.

"To koya mana. Wannan ce ta ƙarshe a wurina, ka sani."

Lukuman ya kama aiki da zuciya ɗaya, wannan ba a hana shi ba. Ya hana taka ƙwallo. Ya hana mayarwa baya. Wanda ya narka ta cikin mangwaro da gangan, ya zagaye fili da gudu. Duk wanda ya gani ya sassauta, sai ya hura usur ya ce, "Turawa ba sa tafiya a fili!" Ba a yi mako biyu ba maganar ta shiga gari. Uwa ta aiki ɗanta kasuwa ta ce Turawa ba sa tafiya. Direba ya faɗa wa fasinjan da ya makara.

Kuma abin ya yi kyau a ido. 'Yan wasan sai sun tashi daga aiki suke zuwa, rana ta riga ta yi sanyi, ba a daɗewa ake kiran magariba a watse. A ɗan wannan lokaci Mikiya takan tashi kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Dogo ya riƙa zura ƙwallaye har ya daina ƙirgawa. Ba wanda ya ce a gwada cikakken wasa a ga abin da zai faru. Ina dalilin gwaji, tunda Malam ya gani da idonsa?

Ran Asabar za a yi wasan. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Lukuman ya bi ta tasha, sai ya ji an kira shi daga rumfar Iyatu mai abinci.

"Kai, akawu! Ashe kana raye?"

Andarawus ne, abokinsa na Kaduna, ma'aikaci a gidan talabijin, yana kan hanyarsa ta zuwa Dukku ta ƙasar Rijau gaida mahaifiyarsa. Motar Rijau sai gobe da safe. Suka rungume juna, Iyatu ta ƙaro malmalar tuwon shinkafa, aka shiga hira. Lukuman ya tambayi kulob, ya tambayi akwatin, ya tambayi ko har yanzu ana nuna wasan Lahadi.

"Ana nunawa mana. Ni nake wahalarsa ai. Ka ga yatsan nan? Almakashi ne."

"Almakashin me?"

"Na yankan fim. Dama daga can a yanke yake zuwa, sun tsince masu daɗin sun zubar da sauran. Mu kuma in ya yi tsawo zai ci lokacin labarai, sai in ƙara datsewa in liƙe." Ya kai loma. "Kai, miyar nan ta yi, Iya."

Lukuman ya tsaya da hannu a cikin kwano. "Me suke zubarwa?"

"Shirme mana. Inda suke tafiya, inda suke ba juna a baya suna jan lokaci, inda wani ya kwanta yana birgima don a huta. Wa zai zauna ya kalli wannan? Sau ɗaya aka taɓa aiko mana da cikakke, wallahi barci na yi a kai."

"Tafiya suke yi?"

"Ba mutane ba ne? Kai ma dai. Ba ka lura ba, duk lokacin da aka nuna maka 'yan kallo suna ɗaga gyale, in hoto ya dawo ƙwallo tana wani wuri daban? Nan ne ɗinkin yake." Andarawus ya dube shi, ya fashe da dariya. "Tsaya. Kada dai ka ce mini shekara uku kana zaton dukan wasan kake gani? Wasan awa ɗaya da rabi, a gama kafin awa ɗaya ta cika? Ba ka da agogo ne, akawu?"

Lukuman ya yi dariya shi ma, har da buga cinya. "Haba, wa zai zaci haka?"

Yana da agogo. A hannunsa yake duk Lahadin nan. Bai taɓa dubawa ba, don yana zaton daɗi ne yake sa lokaci gudu. Ya tuna gyalen nan da ake ɗagawa, yadda yakan ji tsigar jikinsa ta tashi in an nuno su, ashe a daidai nan ake rufe masa ido. Usur ɗin yana cikin aljihunsa, ya sa hannu ya danne shi kada igiyar ta leƙo. Da Andarawus ya tambaye shi me ake ciki a garin, ya ce babu komai, sai zafi.

Da yamma ya nufi gidan Bitrus. Duk hanya yana shirya maganar. Ba ta da wuya: na yi kuskure, gobe ku yi irin wasanku na da. Ya maimaita ta har ta zauna masa a baki.

Ya tarar da tsakar gidan cike. Margaret tana guge rigunan ƙungiya da dutsen guga na gawayi, maƙwabta suna zaune a tabarma, Dogo da wasu 'yan wasa uku suna shan kunu.

"Ga mai gayya nan!" in ji Margaret. "Malam Lukuman, me ka ba mijin nan nawa? Ko bayan gida zai je da gudu yake zuwa."

"Ke, ki ji tsoron Allah," in ji Bitrus, yana dariya. Ya jawo wa Lukuman kujera, ya rage murya. "Luku, na aika wa Baba a ƙauye. Na ce masa ɗansa zai je Sakkwato. Ban taɓa faɗa masa haka ba, don ban taɓa yarda ba sai bana. Kai ka sa na yarda."

Wani dattijo daga kan tabarma ya ce, "Ilimi ke nan. Da ba don yaron nan ya fita ya gano ba, da muna nan cikin duhunmu."

Lukuman ya buɗe baki. Ya ga idanun da ke kansa, ya ji yadda maganar za ta zaga gari kafin gari ya waye: malamin makaranta, mai agogo a hannu, ya shekara uku bai san fim ake yanka masa ba. Yaran ajinsa za su ji. Uwayen da ke aikensu da maganarsa za su ji. Sai zuciyarsa ta kawo masa mafita, irin wadda takan kawo wa matsoraci: canza musu tsari ana gobe wasa rikita su zai yi. Wataƙila ma su ci da yawa tun farko, 'yan Zuru su karaya.

"Ku dai huta sosai yau," ya ce. "Ku sha ruwa da yawa."

Asabar ta zo da zafin bazara, irin wanda ko ganye ba ya motsi. Garin ya fito kaf. Masu rake da masu ƙanƙara sun kafa kasuwa a gindin mangwaro, Baba Maikano ya rufe shago ya zo da kujerarsa.

Aka busa, Mikiya ta zuba a guje. 'Yan Zuru ba su taɓa ganin irin wannan ba. Kafin su gane gabansu Dogo ya zura ɗaya. Ba a jima ba ɗan sandan nan ya zura ta biyu da ka. Fili ya ɗauki ihu, mata suna guɗa, wasu samari suka ɗaga Lukuman sama suna kiran sunansa. Daga can saman kafaɗunsu ya hango kyaftin ɗin Zuru, wani gajere mai faɗin ƙirji, ya karɓi ƙwallo ya taka ta. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya mayar wa golansa. 'Yan kallo suka yi masa ature da ɓawon rake.

"Ragwaye! Ku koma gona! Turawa ba sa tafiya!"

Gajeren bai ko waiga ba. 'Yan Zuru suka ci gaba da ba juna a baya, 'yan Mikiya suna binsu da gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar yadda aka koya musu. Lukuman ya ce a sauke shi.

Da aka tafi hutu 'yan Mikiya suka zube a inuwa, ƙirjin kowa yana sama da ƙasa. Leɓen Dogo ya yi fari. Bitrus yana murza gwiwa, amma fuskarsa tana haske. Jama'a suka yi musu zobe, hedimasta yana ciki, Baba Maikano yana ciki.

Lukuman ya tsuguna a tsakiyarsu. "Ku saurara. Yanzu ku sassauta. Ku riƙe ƙwallo, ku ba juna a baya. In ta kama ku fitar da ita waje."

Suka dubi juna. Dogo ya fara dariya, tari ya sarƙe shi.

"Malam gwada mu yake yi. Yana son ya ga wa zai karaya."

"Ba gwaji ba ne, Dogo."

"Mu yi irin na ragwayen can, a jefe mu da rake a garinmu? Biyu muka ci da gudu, biyu za mu ƙara. Turawa ba sa me?"

"Ba sa tafiya!" sauran suka amsa, jama'a suka ɗauka.

Bitrus bai amsa tare da su ba. Ya san Lukuman tun suna sa gajeren wando. Ya matso, ya kama hannunsa.

"Luku, akwai wani abu ne?"

Magana ɗaya ce kawai za ta tsayar da su, kuma tana bakinsa tun jiya. Hedimasta ya sunkuyo yana saurare. Baba Maikano ya sa hannu a bayan kunne.

"Babu," in ji Lukuman. "Zafin ne kawai na gani."

"In don zafi ne, bari. A cikinsa aka haife mu." Bitrus ya miƙe, ya tafa hannu. "Ku tashi, Sakkwato tana jira!"

Abin da ya biyo baya bai ɗauki kowa da mamaki ba sai mutanen Kontagora. 'Yan Mikiya sun yi gudu na ɗan lokaci, sannan ƙafafu suka fara ƙin bin umarni. Gajeren nan na Zuru ya daina takawa, ya fara turawa gaba. Suka rama ɗaya. Suka rama ta biyu, masu tsaron bayan Mikiya suna can gaba sun kasa dawowa. Dogo ya durƙusa a tsakiyar fili yana amai. Fili ya yi tsit, har ana jin muryar mai rake.

Bitrus kaɗai ya ƙi tsayawa. Yana ɗingishi yana gudu, ya tare nan ya tare can, yana yi wa mutanensa tsawa da maganar Lukuman. Da ɗan gaban Zuru ya kufce, ya bi shi tun daga tsakiya, ya miƙa ƙafar hagu da dukan ƙarfinsa. Ƙwallo ta wuce. Gwiwar ta juya inda ba a yi ta don ta juya ba. Ta uku ta shiga raga yana kwance. Ta huɗu kuwa a bakin fili ya gan ta, Margaret tana ɗaure masa ƙafa da ɗankwalinta.

Kwana biyu Lukuman bai bi ta hanyar tasha ba. Ran Talata Baba Maikano ya aiko a kira shi, wai kada ya sa abin a ransa. Ya je don rashin zuwa zai fi jawo magana. Shagon a cike, kamar kullum, kuma an riga an gama shari'a.

"Zauna, Malam. Kai ka yi naka," in ji Baba Maikano, ƙafarsa tana kan keke. "Ka kawo musu abin Turawa, jikinsu ya kasa ɗauka. Ba laifinka ba ne."

"Ai halitta ce," wani ya ce. "Su da madara aka raine su, mu da kunu. Huhunsu ma ba irin namu ba ne."

"Mu dai mu san matsayinmu. Baƙin mutum ya ce zai yi gudun Bature?"

Dogo yana gefe, kansa a ƙasa. "Wallahi na yi iyakar yi na. Ashe dai ba mu kai ba."

Ba zagi a cikin maganar, ba fushi. Har wani sauƙi ake ji a muryoyinsu, irin na mutanen da aka tabbatar musu da abin da dama suke zato game da kansu, yanzu sai a koma a zauna. Wannan ne ya fi ci wa Lukuman rai. Ya shigo da niyyar tashin garin daga barci, ga shi ya gyara musu shimfiɗa.

Sai aka ga Bitrus tafe daga wajen tasha, yana dogara sanda, ƙafar a naɗe da tsumma. Ya daɗe kafin ya iso. Aka ba shi benci, ya ƙi zama. Ya tsaya gaban Lukuman.

"Margaret ta ce kada in fito, na ce sai na zo. Luku, a gaban mutane ka karɓe mu, a gabansu zan faɗa. Ka ba mu abu mai kyau, mun kasa riƙewa. Ni ne babba, ni ya kamata in ja su, ƙafata ta ci amanata. Mun ba ka kunya. Ka yafe mana."

Aka yi ta "Allah sarki", ana gyaɗa kai. Abin da ake jira kawai Lukuman ya ce ba komai, a shafa fatiha a tashi. Ya dubi tsumman da ke gwiwar, ya ga inda ya jiƙe da man zafi.

"Suna tafiya," ya ce.

"Wa?"

"Turawan. Suna tafiya a fili. Suna taka ƙwallo, suna mayarwa baya, suna fitarwa waje su huta, duk abin da kuke yi da. Abin da na riƙa gani a Kaduna ba cikakken wasa ba ne. Yanka fim ɗin ake yi da almakashi, a zubar da inda suke hutawa, a liƙe inda suke gudu. Ba wanda ya taɓa yin wasan da na sa ku yi. Babu shi a duniya. Ba huhunku ba ne, Dogo. Ba kunu ba ne."

Keken Baba Maikano ya tsaya. Dogo ya ɗago kai a hankali.

"To ai," Baba Maikano ya fara, yana neman inda zai sauke maganar, "ai kai ma ruɗinka aka yi, Malam. Ba ka sani ba. Ƙaddara ce, a bar ta a—"

"Yaushe ka sani?" Bitrus ya katse shi. Muryarsa ba ta tashi ba.

Ƙofar da Baba Maikano ya buɗe tana nan a buɗe. Andarawus yana Dukku, daga can Kaduna zai wuce. Ba mai ƙaryata Lukuman in ya ce jiya ya sani.

"Ran Juma'a."

"Kafin ka zo gidana, ko bayan nan?"

"Kafin."

"Ka zauna a kujerata, na ce maka na aika wa babana."

"E."

"Da muka fito hutu na kama hannunka. Me na tambaye ka?"

Dogo ya miƙe ya ƙunduma ashar, wani ya riƙe shi. Bitrus bai dubi wajen ba.

"Biyu muke da ita a lokacin," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Biyu. Da na taka ƙwallon nan har a tashi. Ba wanda ya iya jan lokaci kamar ni a ƙasar nan, kai ma ka sani, shi kake zagina a kai."

Ya miƙa hannu, tafin a sama. Lukuman ya ɗauka gaisawa zai yi, har ya fara miƙa nasa, sannan ya gane. Ya laluba aljihu ya ciro usur ɗin, igiyar ta harɗe da makullin aji, ya tsaya yana warwarewa, kowa yana kallo. Bitrus ya karɓa. Bai rataya a wuyansa ba. Ya miƙa wa Dogo.

"Sai an jima, Malam Lukuman," ya ce.

Tun suna elementare bai taɓa kiransa haka ba.

Ya juya ya kama hanyar tasha. Sanda ta fara sauka, sannan ƙafar dama, sannan ya jawo ta hagu. A bakin kwalbati ya tsaya ya huta, ya jira wata motar itace ta wuce, ya ci gaba. Lukuman ya so ya kawar da ido, ko hoton ya tsallake ya nuno Bitrus ya riga ya isa rumfarsa yana zaune cikin kekuna. Hanyar tana da tsawo, rana tana kai, Bitrus yana tafiya a hankali. Lukuman ya tsaya a ƙofar shagon ya kalle ta dukanta.